LASIN A ALJIHU, MOTA A TSAYE

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka kafin in ɗaga yatsa in nuna wani, bari in fara tona asirin kaina a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamaina masu karanta wannan mujalla. Ni ɗin nan da ku ke gani ina da lasin tuƙi. Yana nan cikin aljihuna, da hotona, da sunana, da harafin B a jikinsa. Amma akwai wani dare a cikin daminar 2024 da wannan kati bai tsinana mini kome ba, har ya kusa zama sanadin asarar rai biyu. Abin da ya faru a daren nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ajiye shi ba sai na amayar da abin da ke cikina, ko da zai ɓata wa wasu rai.

Ga yadda abin ya faro. A cikin dogon hutu na shekarata ta farko a jami'a, na tara 'yan kuɗina na shiga wata makarantar koyon tuƙi a cikin garin Sakkwato. Ranar da na je, mai makarantar ya kai ni gaban motoci biyu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan jami'a, wace kaka so? Wagga mai giyar hannu ta, sai ka sha wuya. Wagga ko otomatik ta, totur da birki kawai, kwana kaɗan ka ƙware. Lasin duk guda na." To, wane ne zai ga inuwa ya tsaya a rana? Na zaɓi otomatik. Na koya, aka gwada ni da ita, na ci, aka ba ni lasin. Wanda ya gwada ni bai cuce ni ba, bai kuma karɓi ko anini a hannuna ba. Abin da aka kawo masa shi ya auna. Na fito ina taƙama, har na riƙa ciro katin nan a ɗakin kwananmu ina nuna wa abokai.

Ana nan, sai hutu ya kai ni ƙauyenmu da ke bayan Achida, kan hanyar Wurno. Wani dare bayan an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, matar yayana ta kama naƙuda, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har ungozoma ta fito ta ce wannan sai asibiti. Yayana yana Legas wajen nema. Mota guda ce a ƙauyen a daren nan, watau tsohuwar Fijo akori-kura ta baffana wadda a ke kai albasa kasuwa da ita, direbanta kuwa ya tafi ganin gida. Nan da nan ido ya dawo kaina. Baffa ya miƙo mini makulli, ya ce, "Ɗana, kai da kake da lasin, tashi ka kai ta birni."

Na shiga motar, na laluba da ƙafa, sai na ji abin takawa uku maimakon biyun da na saba da su. Na murɗa makulli, mota ta zabura ta mutu. Na sake, ta yi gurnani, ta yi tsalle kamar akuya, ta sake mutuwa. Sau huɗu ina yi, mata na salati a baya, zufa na karyo mini duk da sanyin ruwan da aka yi, har batir ya fara ja da baya. Can sai wani yaro, karen motar baffa, wanda ko gemu bai fara ba, ya matso ya ce a hankali, "Malam, ɗan matsa in gwada." Ya sa samari suka tura motar, ya saka giya ta biyu, ya saki kuloci, inji ya kama. Shi ya ratsa taɓo da mu har muka hau kwalta, shi ya kai mu bakin asibiti a cikin birni. Allah ya sa kwana na gaba, aka sauke ta lafiya, ita da jaririn. Amma da muka dawo, baffa bai yi mini faɗa ba. Kallo ɗaya ya yi mini, ya ce, "Ashe katin banza anka ba ka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To, jama'a, ku duba wannan abin al'ajabi. Mai lasin bai iya tuƙa motar ba, wanda ya iya tuƙa ta ba shi da lasin, shekarunsa ma ba su kai 18 ɗin da doka ta gindaya ba. Da an tsayar da mu a hanya, shi za a kama, ni a sara mini. Wannan shi ne batun da na ke son mu tattauna, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne a cikin wannan jami'a ke yawo da irin katin nan.

Tambaya ta farko ita ce, mene ne lasin? Lasin shaida ne. Hukuma ce ta tsaya a gaban jama'a ta ce, "Mun gwada wane, mun ga ya iya, ku amince masa da rayukanku." A Nijeriya hannu uku ke haɗuwa kafin katin ya fito: jami'an duba motoci na jiha, waɗanda mu ke kira bi-ai-o, su ke gwada mutum, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke bayarwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ke buga shi. An kuma kasa lasin aji-aji: A na babur, B na ƙananan motocin gida, F na tarakta da injunan noma, G na tirela, da sauransu. Watau dai doka da kanta ta yarda cewa iya tuƙa wani abu ba ya nufin iya tuƙa wani. Amma da aka zo kan giya sai aka yi shiru. Harafin B da ke jikin katina shi ne a jikin katin direban da ya shekara ashirin yana canza giya da hannunsa. Duk wanda ya dubi katina zai ɗauka na iya abin da ban iya ba, kamar yadda baffana ya ɗauka. Shaidar da ta faɗi rabin gaskiya ta ɓoye rabi, wane suna za mu ba ta?

Kada wani ya ce ai bambancin ƙanƙane ne. Bari in bayyana shi yadda kanikawan Buzaye suka bayyana mini daga baya, lokacin da na koma na duƙa na koya. A mota mai giyar hannu akwai wani faifai tsakanin inji da akwatin giya, shi ne kuloci. In ka taka shi ka raba inji da ƙafafun mota, in ka saki ka haɗa su. Duk gwanintar tana wajen sakin nan: ka saki da sauri inji ya shaƙe ya mutu, ka riƙe shi rabi-rabi ka ƙona faifan. Dole ƙafar hagu ta san daidai inda kuloci ke kamawa, ta dama ta san yawan totur, kunne ya san kukan inji lokacin da ya ke neman a ƙara masa giya. Ita kuwa otomatik irin wadda ta fi yawa a titunanmu, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, motar kuma ta zaɓi giyar da kanta. Famfon da ke tura wannan mai inji ne ke juya shi. Shi ya sa in batirin otomatik ya mutu, ko garin nan duka za a tara a tura ta, ba za ta tashi ba. Da motar baffa otomatik ce, batirinta kuma ya ƙarasa mutuwa a daren nan, da sai dai a nemi amalanke.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan bambanci. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, a kan rubuta lamba 78 a jikin lasinsa, kuma in ya hau mota mai giyar hannu shi kaɗai ya karya doka, sai ya sake zama wata jarrabawar. Amma wanda ya ci da mai giyar hannu yana da izinin tuƙa duka biyun. Japan ta fito da lasin na otomatik zalla tun 1991. Jamus ta sassauta tata dokar daga 1 ga Afrilu 2021, ta yarda mutum ya yi jarrabawa da otomatik ya sami cikakken lasin, amma da sharaɗin ya yi aƙalla darasi 10 na minti 45 kowanne a mota mai giyar hannu, malaminsa kuma ya gwada shi na minti 15 ya sa hannu. Ka ga ko da suka sassauta ba su ce lasin duk guda ne a rufe ido ba.

Na san wani zai ce, "To, ai a Amurka ba a bambantawa a lasin ƙananan motoci." Haka ne. Amma ya kamata mai faɗin haka ya ƙarasa zancen. Amurka ce mahaifar otomatik. Tun a motocin Oldsmobile na 1940 kamfanin General Motors ya fara sayar da ita ga jama'a, kuma yau da wuya ka ga mai giyar hannu a titunansu. Mutumin da zai yi rayuwarsa duka bai gamu da kuloci ba, me zai sa a tambaye shi a kansa? Mu fa? Ya kai mai karatu, ka je babbar tashar mota ta Sakkwato da sassafe, ka leƙa cikin bas-bas da ƙananan motocin da ke lodin Illela, da Gusau, da Birnin Kabi, ka ƙidaya abin takawa. Ka tsaya a hanyar Kalambaina ka dubi manyan motocin da ke jigilar siminti. Ka dubi akori-kurar da ke kwaso albasa da tafarnuwa daga fadamun Kwalkwalawa, waɗanda mu ke wucewa kullum a hanyarmu ta zuwa darasi. Ka dubi taraktocin da ke huɗa a ƙauyukanmu. Mafi yawansu da hannu a ke sa musu giya. Tun da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, har zuwa motocin Kwatano da suka biyo baya, motar da talakan Arewa ke neman abinci da ita mai kuloci ce. Otomatik ta cika gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a cikin birni, ban musa ba. Amma Sakkwato ba ta ƙare a shataletalen Dandima ba.

Nan ne na ke son 'yan'uwana ɗalibai su buɗe kunne da kyau. Mu daina ruɗin kanmu. Nawa ne a cikinmu za su gama digiri su tarar da kujera da mota suna jiransu? Mun ga yayyenmu da suka gama, wasu na koyarwa a makarantun da ke ƙarshen hanyar burji, wasu na bin ƙungiyoyin agaji cikin ƙauyuka, wasu sun koma gona, wasu kuwa motar haya suka kama, kuma ba abin kunya ba ne. Duk waɗannan hanyoyi, wanda ya iya giyar hannu ya fi wanda bai iya ba. Wanda ya iya ta, in aka ba shi otomatik, zama ɗaya ya ishe shi ya saba. Wanda otomatik kaɗai ya sani, in aka ba shi mai kuloci, ya koma ɗan koyo. Watau ɗaya ya sayi makulli mai buɗe ƙofa biyu, ɗaya ya sayi mai buɗe ƙofa guda, alhali kuwa kuɗin lasin ɗaya suka biya. Don gudun wahalar mako biyu ko uku, mun yarda mu raba iliminmu biyu mu zubar da rabi. Mu da ke kwana muna haddace rabe-raben jimla da ƙa'idojin karin sauti, ashe abin takawa guda uku ne zai gagare mu?

Sa'an nan ga maganar aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda mai ya koma. Gaskiya ne sababbin motocin otomatik ba su fi masu giyar hannu shan mai ba, wasu ma sun fi su tsimi. Amma wa ke sayen sabuwar mota a cikinmu? Abin da ke iso mana tsofaffi ne, tsohuwar otomatik mai giya huɗu kuwa ta fi takwararta shan mai. In kuloci ya ƙone, bakanike na bakin hanya zai sauke ya sa wani. In akwatin giyar otomatik ya lalace, sau da yawa sai dai a nemo wani sukutum, a kira maka kuɗin da za su hana ka barci.

Yanzu bari in juya ga masu ja da ni, don ba na son a ce na yi shari'a da kunne ɗaya. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce zamani riga ne. Sun ce duniya ta doshi motar lantarki, wadda ba ta da kuloci sam, saboda haka koyon giyar hannu kamar koyon ƙirar takobi ne a zamanin bindiga. Har su kan kafa mini hujja da gida: ai Jelani Aliyu, ɗan jihar nan wanda ya yi suna a General Motors wajen zayyana motar Chevrolet Volt, shi ne lokacin da ya ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a cikin jami'armu a 2021. Wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Ni ma ina fatan ganin ranar da rana mai ƙona mu za ta riƙa tuƙa mu. Amma tambayata ita ce, tun daga 2021 ɗin, motar lantarki nawa ka gani a tashar Illela tana lodi? Da sandar da ke hannunka ka ke kashe maciji. Mai naƙuda ba za ta jira gobe ta zo ba. Ranar da kuloci ya ƙare a ƙasar nan, ni da kaina zan rubuta masa ta'aziyya a wannan shafi. Kafin nan dai, yana nan da ransa.

Hujja ta biyu ita ce otomatik ta fi sauƙi, ta kan bar direba ya mai da hankali ga hanya, kuma rahama ce ga tsofaffi, da masu ciwon gwiwa, da waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu. Wannan kam ban ja ba ko kaɗan. Ban ce a hana otomatik ba, ban kuma ce a hana kowa lasin don ita kaɗai ya iya ba. Abin da na ce shi ne a rubuta gaskiya a jikin katin. Wanda ya zaɓi otomatik ya ji daɗinsa, amma lasinsa ya faɗa, don kada wani baffa ya sake miƙa makulli ga wanda ba zai iya ba.

A nan kuma dole in raba gari da wasu da ke ganin kamar muna tare. Akwai direbobi da samarin da ke cewa otomatik motar mata ce, ko motar raggaye. Wannan zancen banza ne. Na san mata a garin nan da ke canza giya ba ka ji ko ƙara ba, na kuma san maza masu gemu irina da kuloci ya kunyata a gaban jama'a. Bugu da ƙari, iya giyar hannu ba shi ne iya tuƙi ba. Da yawa daga cikin masu tsere a hanyar Gusau, masu wuce mota a kan kwana, masu loda mutum biyu a kujerar gaba, gwanayen kuloci ne. Hannu ya ƙware, hankali bai ƙware ba. Yaron da ya cece mu ma ban ce a bar shi ya ci gaba da tuƙi ba lasin ba. Cewa na yi in shekarunsa sun kai a kai shi a koya masa dokokin hanya, a gwada shi, a ba shi katin da ya fi ni cancanta da shi.

To, mene ne abin yi? Shawarata ga hukumomin da abin ya shafa ita ce a ƙara alama guda a jikin lasin aji B mai nuna irin motar da aka gwada mutum da ita, wanda kuma ya so a cire masa alamar ya dawo a gwada shi da mai kuloci. Kada a ce abin zai yi wuya. Ran 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta kwana tana tuƙi ta hannun hagu, ta wayi gari tana tuƙi ta hannun dama, daga Legas har Illela. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa ƙara harafi ɗaya a kan kati ba. Ga masu makarantun koyon tuƙi kuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina sayar wa yara sauƙi da kalmar nan ta "lasin duk guda na". Ku gaya musu abin da za su samu da abin da za su rasa, sa'an nan su zaɓa ido buɗe.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya muna da namu aikin. Da na zauna da kanikawa da direbobi, na tarar da wata taska ta harshe wadda ba mu kula da ita ba. Su suka karɓi kalmomin Bature suka tanƙwara su har suka zama namu: giya, birki, totur, kuloci, ribas, sitiyari. Su suka raɗa akori-kura, da karen mota, da ɗan kamasho. Amma haruffan da ke jikin giyar otomatik, watau P da R da N da D, har yau suna nan baƙi, ɗan koyo na haddace su kamar aku. Me zai hana mu fita da littafi da alƙalami mu shiga Buzaye da tashoshin mota, mu tattara waɗannan kalmomi, mu rubuta ɗan jagoran koyon tuƙi da Hausa, da boko da ajami, wanda karen mota zai iya karantawa? Wannan ya fi mu zauna muna kukan an bar Hausa a baya.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, in hutu ya zo ka tsaya a gaban motocin nan biyu, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi mai abin takawa uku. Za ta mutu maka a tsakiyar titi, 'yan kabu-kabu za su yi maka ihu, za ka ji kunya. Gara ka ji wannan kunyar da rana a filin koyo, da ka ji irin wadda na ji da dare a ƙofar gidanmu. Ni dai na koma na koya, kuma yaron nan ne ya fara nuna mini inda kuloci ke kamawa, a filin idin ƙauyenmu, yana ce mini Malam ina ce masa Malam.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ga fili ga mai doki, shafin mujallar nan a buɗe ya ke. Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.